Auren Dole Da Lissafin Kwamfuta

A littattafan ƙagaggun labaran kimiyya da ake rubuta wa matasa a Amurka, ɗan Adam ya tare a duniyar wata, ya ƙera mutum-mutumi mai tunani, amma har yau ya rasa maganin faɗuwar gaban 'yar shekara 16 idan saurayi ya yi mata murmushi.

Dubi Cinder na Marissa Meyer, wanda ya fito a 2012. Yarinyar bakanikiya ce a sabon birnin Beijin, wani sashen jikinta ƙarfe ne da wayoyi. Yarima Kai ya kawo mata gyaran mutum-mutuminsa, ya tafi ya bar zuciyarsa a rumfar. Annoba na ta cin jama'a, sarauniyar duniyar wata na wasa wuƙar yaƙi, amma abin da ke hana mai karatu barci shi ne ko za ta je bikin rawa a fada. Ta je kuwa, kuma garin gudu ƙafar ƙarfen ce ɗungurungum ta cire ta faɗi.

A Matched na Ally Condie, na 2010, hukuma ce ke zaɓa wa matashi abokin aure yana shekara 17, bisa lissafin na'ura. An haɗa Cassia da Xander, sai allo ya hasko mata fuskar wani saurayin daban, Ky. Shi ke nan, rigima har littafi uku. Marubutan soyayya na Kano sun daɗe da ƙure wannan labarin, sai dai su, gwaggo suke ba aikin, tunda ita ko an ɗauke wuta ba ta fasawa.