Ƙotar Bindigar Kawu

Kawuna, Allah ya jiƙansa, dogo ne wanda sai ya sunkuya yake shiga zaure. Ni kuwa dangin uba na ɗebo: a sahun sallah yara kan matso kusa da ni har sai sun lura da gemu. Da aka zo rabon gado, 'ya'yansa duk mata ne, babu wadda ke son harba-ruga a ɗakinta, sai aka ce a ba ni. Na karɓa hannu bibbiyu, don da hannu ɗaya ba ta ɗaguwa.

Bindiga ce mai tarihi, in ji Kawu. Wai kakansa ne ya sayo ta a fataucin goro na Gwanja, cikin irin waɗanda Turawan Denmak ke saukewa a gaɓar tekun Akra. Su kuwa tun 1850 suka sayar wa Ingila gidajen cinikinsu suka kama hanya, ka ga ke nan bindigata ta girmi kowa a garinmu. Na sabunta lasisi da sunana, don tun dokar 1959 ko bindigar toka sai da takardar 'yan sanda, na nufi Sarkin Maharba in ce a sa ni cikin masu buga albarushi ƙofar hakimi ranar hawa.

Ya dube ni, ya dubi bindiga. "Ɗana, waye zai ɗauki wani?"

Muka fita bayan gari gwaji. Shi ya ɗura mini, albarushi da tsumma kawai, babu harsashi, ya danna da sandar ɗuri. Na ɗaga. Gindin ƙota ya maƙale a hammatar babbar rigata. Na fizgo shi na kai kafaɗa, sai ɗan yatsana ya kasa isa kunama, yana ta laluben iska. Dabara ta zo mini: na zame gindin daga kafaɗa na ɗora shi kan damtse. Yatsa ya kai. Abin da ya biyo baya sai labari na ji, don da hayaƙi ya washe ina kwance ne cikin kunyar gyaɗa, hula a gabas, takalmi ɗaya a yamma. Damtsen ya kwana biyu ba ya ɗaga ko buta.

Aka ce in je wurin tsohon maƙerin da ke yi wa maharba gyara. Yana karɓa ya leƙa bututun, ya yi murmushi. "Sandar sitiyarin tsohuwar mota ce. Babana ya ƙera ta, ni na hura masa zugazugi." Na ce wataƙila motar daga Denmak take. Bai tanka ba.

Ya tabbatar babu komai a cikinta, sannan ya sa na lanƙwasa hannu, ya dasa gindin ƙotar a lungun gwiwar hannuna, ya ce in miƙa yatsa. In ƙota ta dace da mai ita, gaɓar farko ta yatsa kan kunama za ta sauka. Tawa ta tsaya can baya. Ya ce wannan awon farko ne kawai, na gaskiya sai an kai kafaɗa: kumatu ya kwanta kan itace ba tare da miƙa wuya ba, ido ya bi bututu, tsakanin hanci da babban yatsa kuma a bar faɗin yatsu biyu. Ya ce ko rigar da mutum zai sa tana cikin lissafi, don malum-malum da warki ba kaurinsu ɗaya ba. "Bindiga kamar fartanya ce, Malam. Ƙarfen na kowa ne, ƙotar ta mutum ɗaya ce. Yatsu biyu za mu rage, kaɗan-kaɗan, muna yi muna gwadawa. Ka dawo bayan Sallah."

Bayan Sallah! Ina amfanin bindigar hawa bayan hawa? Na biya wurin kafinta na ari zarto. Hankali ma ya ba ka cewa in yatsu biyu gyara ne, huɗu gyara ne mai kyau. Na ƙara ɗaya saboda rigar. Maɗaci ne, ya yanku sumul.

Yanzu kam yatsa ya kai kunama har ya wuce. Sai dai abu biyu sun sauya. Babban yatsana ya zo ya yi maƙwabtaka da hancina. Sannan itacen da na cire ashe shi ke riƙe nauyin dogon bututun nan, don haka bakin bindiga ya koma kallon ƙasa, hannuna na hagu na rawa. Na daure na ja. Wannan karon ban faɗi ba, a rubuta wannan. Yatsana ne dai ya naushi hancina, haɓo ya ɓalle har gaban riga. Uwargida ta tarye ni a tsakar gida ta ce, "Maigida, sannu da farauta. Kai ka kamo kanka?"

Saura nauyi. Na taɓa jin ana huda gindin ƙota a zuba dalma. Na huda, na cika ramin da dalmar tsohon batir, na bi da kusoshi don kada ta zube. Ana gobe Sallah na fita bayan katanga gwajin ƙarshe. Ina ɗagawa gindi ya rinjaya, baki ya tashi sama, yatsa kuma ya riga ni yanke shawara. Tsumman ya fita da wutarsa, ya yi sama, ya zaɓi jinkar rumbun maƙwabcina ya sauka. Allah ya sa mata na rijiya. Dawa ta tsira, jinka ta tafi, ni na biya sabuwa. Har yau ina ganin rumbun ne aka gina kusa da katanga fiye da kima.

Ranar hawa a cikin 'yan kallo na tsaya da ƙullin auduga a hanci.

Maƙeri bai ce uffan ba da na koma. Ya ƙwaƙule dalmar, ya mayar da kaɗan, ya ɗosa guntun kirya faɗin yatsu uku inda na yanke, ya lulluɓe da robar taya don ta tausaya wa kafaɗa. Ya ɗora bindigar kan gefen tafinsa, kamar faɗin hannu gaba da kunama, ta tsaya cak, ba ta rinjayi gaba ko baya ba. Na kai kafaɗa ido rufe, na buɗe, sai ga bututu miƙe gaban idona. Kuɗin aiki ya ninka abin da ya faɗa da farko, wai har da ladan haƙuri.

Sarkin Maharba ya ce baɗi zai sa ni a layi, a can ƙarshe, nesa da duk wani abu mai jinka. Na yarda. Roƙona ga mutanen unguwarmu, musamman masu zaman dandalin mai shayi: ku ja wa 'ya'yanku kunne su daina kirana Harbi-Hanci. Ina da suna, kuma ina da lasisi.