"Ai An Kai Ta Umra": Maganar Ladan Mai Raino Idan Tafiya Ta Kama

Da zarar Sha'aban ya raba, ko makarantu sun doshi dogon hutu a ƙarshen Yuli, hirar matan unguwarmu sai ta koma ta biza da tikiti. Su wance za su Umrar goman ƙarshe. Su wane Alƙahira suka nufa, za su kai tsohuwa ganin likita su haɗa da hutu. Masu ƙarfi kuma Dubai ko Landan. Komai ana lissafa shi: kujera nawa a jirgi, ɗaki nawa a masauki, har yawan yaji da daddawa da kukar da za a cusa a akwati. Mai raino ma tana cikin lissafin, amma a layin abin da za a kashe: fasfonta, bizarta, allurar rigakafi, tikitinta. Abin da ba mu cika zama mu yanke ba shi ne nawa za a danƙa mata a hannu saboda aikin da za ta yi a can.

Kowa ya san amsar da muke bayarwa idan aka taɓo zancen. "Wane kuɗi kuma? Ai an kai ta Umra." Ko kuwa: "Yarinyar da ko Abuja ba ta taɓa zuwa ba, ga ta a Dubai." Da wannan sai a rufe bakin kowa, a bar kaza cikin gashinta.

A wani gidan suna aka tayar da maganar, muna zaune a tsakar gida ana zuba waina. Hajiyar gidan kwana, wadda kusan kowace shekara take tafiya da jikoki, ta ce ita ba ta ga abin magana ba.

"Ku ji ni da kyau. Abin da na kashe wa Baba mai rainon nan a tafiya ɗaya ya fi albashinta na shekara biyu. Ta ga Ka'aba da idonta, ta yi salla a Madina. Na saya mata abaya, na ba ta dabino da zamzam. In ce kuma sai na biya ta?"

Maman 'yan biyu, wadda ke aikin banki, ta ce: "Hajiya, Allah ya ƙara arziki, kin yi ƙoƙari. Amma kuɗin tikitin nan aljihun kamfanin jirgi ya shiga, bai shiga nata ba. In da kin tafi ba da ita ba, wa zai riƙe miki yaran ki samu tahajjud?"

Aka yi dariya, Hajiya ma ta dara, ta ce yaran zamani ba su da ta ido. Amma tambayar ta zauna, kuma ni ina bayan Maman 'yan biyu.

Wanda ya taɓa ganin mai raino a goman ƙarshe a Makka ya san abin da ake nufi. Ɗaki guda, gadaje uku, ita ce a ƙasa kan bargon da aka roƙo daga ma'aikatan masauki, jaririn yana gefenta don in ya motsa ita ce farkon tashi. Tana azumi kamar kowa. An sha ruwa, manya sun yi alwala sun gangara Harami, ba za su dawo ba sai an idar da asham, su ɗan runtsa su sake fita tahajjud. Ita tana sama da yara uku da suka gaji da zaman ɗaki, tana wanke fida a bahon banɗaki, tana shanya wandunan yara a jikin kujera, tana kallon ɗawafi a talabijin alhali Ka'abar tana bayan tagarta. A gida yaran nan makaranta suke zuwa, akwai mai girki, akwai kaka, akwai tsakar gidan da za su yi guje-guje, ita ma ta samu ta miƙe ƙafa bayan azahar. A can duk babu. Aikin da take yi na wuni ya koma na dare da rana, kuma a ƙasar da ba ta jin harshensu, ba ta da ƙawar da za ta leƙa. Haka abin yake a Dubai, sai dai maimakon ɗaki, manyan kantuna ne: tana tura keken jariri, jakar famfas a kafaɗa, ledojin sayayya a hannu, abincinta kuwa sau da yawa abin da yara suka rage.

Ban ce ba ta jin daɗin tafiyar ba. Na san matan da suka fashe da kuka ranar da aka ce da su za a tafi, suka yi ta sa albarka har muryarsu ta dishe. Wannan farin ciki gaskiya ne, kuma wanda ya zama sanadinsa yana da lada wurin Allah. To amma alheri daban, haƙƙi daban. Maigidan da ke aikin gwamnati, idan ofis ya tura shi taro a waje, ana biya masa jirgi da masauki, albashinsa na nan yana tafiya, sannan a ƙirga masa estakod na kowane kwana da dala. Ba wanda ke ce masa ai ka ga Jeniba, ta ishe ka. Mun yarda da wannan ƙa'ida a kan mazajenmu, har mukan taya su lissafi. Me ya sa take ɓacewa idan an zo kan wadda ke goya mana 'ya'ya?

Wata malamar Islamiyya da ke gidan sunan ta tuna mana abin da yawancinmu muka karanta muka manta. A Risala ta Ibn Abi Zaid, littafin da ake biyawa a zaurukan Kano tun kaka da kakanni, sharaɗin jingar aiki shi ne a yanke lokaci kuma a ambaci lada. Ta ce, "Anti, 'in mun dawo zan san abin da zan yi miki' ba ambaton lada ba ne." Kuma nan ne matsalar tamu take. Mai raino ba za ta taɓa faɗin farashi ba. Ki tambaye ta, ta sunkuyar da kai ta ce, "Duk abin da kika ba ni, Hajiya, Allah ya saka da alheri." Kunya ce da tarbiyya, da kuma tsoron kada a fasa tafiya da ita a ɗauki wata. Tun da ba za ta iya faɗa ba, nauyin faɗar yana kan uwar ɗaki, kuma tun kafin a je ɗaukar hoton fasfo, lokacin da take da damar cewa a'a.

To nawa ne adalci? Dokar ƙasa ba ta taimaka mana sosai ba. Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a Yulin 2024, gwamnatin Kano ma ta yanke 71,000 ga ma'aikatanta, amma dokar ba ta hau kan wanda ke da ma'aikata ƙasa da 25 ba, don haka gidajenmu suna wajenta. Yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 189, wadda aka yi a 2011 domin masu aikin gida, ta yi maganar hutun mako da bayyana sharuɗɗan aiki tun farko, sai dai ba ita ce ke zaune da mu a falo ba. Abin ya rage tsakanin mutum da zuciyarsa.

Ga yadda nake gani. Albashinta na wata yana nan cif, ba a taɓa shi. A kansa a ɗora ladan tafiya, kuma ga tafiyar mako biyu bai kamata ya gaza albashin wata guda ba, domin awannin aikin sun ninka har da ɗoriya, ga barcin dare da ta rasa. Wanda Allah ya hore wa kuɗin ɗakin da ke kallon Harami a goman ƙarshe zai iya fin haka nesa ba kusa ba, kuma ya kamata ya fi. Sannan guzuri daban, da kuɗin ƙasar, a hannunta. A ce albashinta naira 40,000 ne; na kwana ɗaya bai kai 1,400 ba. Tun da naira ta faɗi bayan Yunin 2023, dala ta haura 1,500 a 2024, riyal ɗaya ya kama wajen naira 400. Wato a wancan canjin, ladanta na wuni riyal 3 ne da 'yan kai, ko farantin shinkafa da kaza ba zai saya ba. Mace babba ba ta cancanci ta tsaya tana jiran a tambaye ta ko tana jin ƙishirwa ba. A ba ta abin da za ta sayi lemo, ta yi sadaka, ta zaɓo wa 'yarta ɗankunne da kanta. Abaya da dabino kuwa tsaraba ce, kowa ma ana kawo masa, har maƙwabcin da bai ɗauki jaririn kowa ba.

Masu zuwa Ingila su nasu lissafin ba a hannunsu yake ba, kuma da yawa ba su sani ba sai sun zo cike takarda. Bizar mai aikin gida ta can tana da sharuɗɗa: ta kai shekara 19, ta yi aƙalla shekara guda tana aiki a gidan, zamanta kada ya wuce wata 6, kuma a biya ta mafi ƙarancin albashin ƙasar. A Afrilun 2025 wannan ya kama fam 12.21 a awa ga mai shekara 21 zuwa sama. Lokacin da fam ke wajen naira 2,000, awa biyu kacal sun fi albashin wata na waccan mai 40,000. Akwai masu sa hannu a kan wannan yarjejeniya don a samu biza, alhali sun san ba za su biya ba. Wannan ƙarya ce a rubuce, kuma cin haƙƙi ne, ko da yarinyar ba ta iya karanta abin da aka dangwala mata yatsa a kai ba. Wanda ba zai iya ba, ya yi hutunsa ya riƙe 'ya'yansa da hannunsa.

Da aka zo maganar fasfo hirar ta ɗan yi zafi. Hajiyar gidan kwana ta ce ita kam a jakarta yake kwana.

"In ta ɓace a cikin Jidda fa? Wa za a kama? Ba mu ga waɗanda suka sulale suka zama 'yan takari ba?"

Tsoron nata ba na banza ba ne, ana yi. Sai dai wadda ta ƙudura guduwa ba fasfo take jira ba. Wadda riƙe fasfon ke cutarwa ita ce mai gaskiya, wadda cunkoson fitowa daga Harami ya raba ta da ayari, ta tsaya a bakin wata ƙofa da yaro a baya, ba takarda, ba waya, ba ta ma san sunan masaukinsu ba. Fasfo nata ne. In don tsaro ne, a ajiye na kowa wuri guda da saninta, a ba ta kwafi, da katin masauki, da layin wayar ƙasar mai kuɗi a ciki don ta kira ku, ta kuma ji muryar 'ya'yanta. In ƙasar sanyi ce, rigar sanyi da takalmi a wuyan mai gida suke, kada a cire a ladanta. In ta kwanta ciwo, maganinta ma haka.

In kuwa da sunan Umra aka ɗauko ta, to a bar ta ta yi Umrar. A ware mata lokaci a faɗa mata tun a gida: yau da safe ke ce da Harami, mu ne da yara. Ta yi ɗawafinta da sa'ayinta a natse, ba da goyo ba, ba ana kiran wayarta a zagaye na uku ba. Ta samu ko dare biyu na tahajjud. Na san gidan da mata da miji suke karɓa-karɓa da mai rainonsu a kan haka, kuma ba abin da ya ragu a ibadarsu.

Akwai kuma abin da muke mantawa da shi saboda mu da namu iyalin muke tafe. Umrar goman ƙarshe tana nufin ƙaramar Salla za ta same ta a can. 'Ya'yanta ko jikokinta suna ƙauye suna jiran ɗinki da abin tuwon Salla. Shi ya sa ya fi kyau a ba ta rabin ladan tafiyar tun kafin a nufi filin jirgin Malam Aminu Kano, ta aika gida hankalinta ya kwanta, sauran kuma ranar da aka sauka, kafin a fara rabon tsaraba. Kuma a hannunta, ko a asusunta. Yawancin 'yan aikinmu wata mata ce ta kawo su, ita ke zuwa ƙarshen wata ta karɓi albashi ta yanki nata ta kai wa iyaye saura. Ladan tafiya bai kamata ya bi ta wannan hanyar ba, domin dillaliya ba ta yi rashin barcin ba.

A nan ne malamar Islamiyya ta sake sa baki, ta ce duk wannan lissafi na manya ne. Yarinya 'yar shekara 10 ko 11 da ake ɗorawa ƙani a baya ba ta cikin wannan ciniki sam. Dokar hana fataucin mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP ke aiki da ita, ta haramta ɗaukar wanda bai kai shekara 12 ba aikin gida, balle a ƙetara da shi. Wadda ta girma kuma, a nemi yardar iyayenta ko mijinta baki da baki, a faɗa musu ƙasar da za a je da ranar dawowa.

Bayan an dawo, a sallame ta ta je gida ta kwana biyu ko uku, ba tare da an yanke mata ko sisi ba. Wadda kuma aka bari a gida ba a tafi da ita ba, kada a ce tun da yara ba sa nan babu albashin wannan watan. Ba ita ta tsara hutun ba, kuma mai gidan hayar uwarta ba zai ɗaga mata ƙafa don mun tafi Dubai ba.