Bazazzage Ya Haɗa Digiri na Biyu

To bawana, labari ya iso Kano. An ce ka haɗa digiri na biyu a wani fanni wai shi infomatiks, an yi walima a Tudun Wada, an ci an watse, kuma har yau babu mutum ɗaya a gidanku da ya san abin da ka karanta. Gwaggo ta ajiye maka wayarta mai fasasshen gilashi. Liman yana jiran ka share masa hotunan da suka cika masa WhatsApp. Kai kuma da an tambaye ka sai ka gyara zaman tabarau ka tsunduma cikin Turanci. Ni da nake ubangidanka, dole in fitar da kai kunya a gaban Zage-zagi.

Masu gyaran waya muna da su jibge a Farm Centre, yara ne da ba su taɓa taka ƙofar jami'a ba, kuma ko kusa ba za ka kama ƙafarsu ba. Naka aikin daban ne. An koya maka yadda bayanai ke tashi daga hannun mutum su shiga kwamfuta, su fito a matsayin abin da wani zai yanke shawara da shi. Rabin aikin na'ura ne, rabi kuma mutane, kuma rabin mutanen ne nake jiye maka, don na san Bazazzage da girman kai in ya yi boko.

Ka leƙa ƙaramin asibitin unguwa ranar awo. Akwai wata baiwar Allah zaune da ƙaton rajista, bironta ya kusa ƙarewa, mata sun yi layi har bakin titi. Mutum ɗaya ya zo sau huɗu, an rubuta shi Muhammadu, Muhd, Moh'd da Mamman. A gurbin shekaru an sa "babba". Rabin unguwa ranar ɗaya ga Janairu aka haife su, don nan mai cike fom yake fakewa idan ba a san rana ba. Ƙarshen wata ta tattara alƙaluman a takarda, a kai ƙaramar hukuma, wani jami'i ya shigar da su cikin DHIS2, daga nan su wuce Abuja a ce ga halin da lafiyar ƙasa take ciki. In ka iya zama kan benci kusa da matar nan yini guda, ka gane dalilin da ya sa take tsallake wani gurbi, ka gyara fom ɗin yadda ba zai ci mata lokaci ba, to ka ci kuɗin makarantarka. In kuwa ka tsaya daga bakin ƙofa da kwat kana cewa ba ta iya aiki ba, wallahi gara a ba ka wayar Gwaggo.

Shi kansa DHIS2 ɗin irinku ne suka ƙera shi, a sashen infomatiks na Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe, bayan aikin ya samo tushe a Afirka ta Kudu a shekarun 1990. Yau ƙasashe fiye da 70 da shi suke tattara alƙaluman lafiya. Haka SORMAS, wanda ya fito bayan annobar Ebola ta 2014 da haɗin gwiwar Jamusawa da 'yan Najeriya, ake bin diddigin cututtuka masu yaɗuwa da shi.

Sannan ka tambayi inda aka yi aikin da ya fi burge ni. A Kano, ba a Samaru ba. Lokacin yaƙi da shan inna an gano akwai rugage da ƙauyukan da ba sa cikin taswirar da masu allura suke yawo da ita. Sai aka zana sababbi daga hotunan tauraron ɗan'adam, aka ba ayarin masu rigakafi wayoyi masu nuna inda suka taka, yamma ta yi a duba a ga unguwar da aka tsallake a koma. Ƙungiyar eHealth Africa da ke birnin Dabo tana cikin waɗanda suka ɗauki wannan nauyi. A watan Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar. Na san za ka ce ai mu ne muka dakatar da allurar a 2003. Na ji. Bawa ba ya tone-tone a gaban ubangidansa.

Wurin aiki ba zai gagare ka ba in hannunka ya faɗa. Bankuna, tun da aka kawo BVN a 2014, suna neman mai iya tace bayanai ya gano asusun da kuɗi ke shige da fice ba bisa ƙa'ida ba. Kamfanonin POS haka. Ƙungiyoyin agaji suna son wanda zai tsara tambayoyi a KoboToolbox ya kuma fitar da ma'ana daga amsoshin. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta buɗe wata ƙofar, don manyan ma'aikatu masu riƙe da bayanan mutane sai sun naɗa jami'in da zai kula da su. Akwai kuma masu yi wa kamfanonin waje aiki daga ɗakinsu ana biyan su da dala, in wuta da intanet sun yarda. Amma duk inda ka je, ba kwalin za su daɗe suna kallo ba. Za su turo maka tarin bayanai masu datti su ce ka buɗe SQL ko Python ka nuna musu, kuma ka bayyana sakamakon cikin jimla uku yadda shugaban da bai san kwamfuta ba zai gane. Jimla uku, Bazazzage. Ku da sallama kaɗai takan kai ku la'asar.

Abu ɗaya ke tayar mini da hankali. Duk rumbun bayanai yana da gurbin da ake rubuta mace ko namiji. Mutumin da ya tashi yana jin "yarinya ya zo, mata na ya tafi", shi za a damƙa wa wannan gurbi? Ina tsoron ranar da rahotonka zai nuna maza ne suka fi zuwa awon ciki a jihar Kaduna.

Na san kai hankalinka yana kan komawa ABU ka yi digiri na uku, a riƙa ce maka Dakta, ka tsufa kana tuna mana cewa Jami'ar Bayero a ƙarƙashinku ta fara. Kafin nan ka biyo ta Kantin Kwari. Ina da littafin bashi guda uku, wani shafin mai ya ɓata shi, wani yaron shago ya rubuta da ajami, akwai Alhaji Sani har bakwai a ciki kuma kowanne ya rantse ba shi ake bi ba. Ka raba mini su, ka faɗa mini wanda ya fi daɗewa bai biya ba. Ladanka gurasa da kuɗin motar komawa Zariya, kujerar baya.