Hancin Barewa da Sanyin Michigan

Ranar 15 ga Nuwamba ake buɗe farautar barewa da bindiga a jihar Michigan ta Amurka, ranar kuma maharbi ke shiga tsaka mai wuya. Barewa hanci gare ta, don haka ba turare, ba taba, wanka ma sai da sabulu marar ƙamshi. Ga sanyi mai ratsa ƙashi: in ya jibga kaya ya yi gumi, ta shaƙa ta arce, in ya rage, haƙora su kama kaɗawa. Wani har fitsarin barewa yake saye da dalarsa ya yayyafa wa takalmi. Ya hau bishiya tun asuba, ya daskare kamar kifin firij, sai iska ta juya. Barewa ta tafi abinta. A gida kuwa uwargida ta toshe hanci, ta ce shi da takalman su kwana a waje.