Masaukin Hutu na Kawu a Ƙauran Namoda

Da kuɗin sallama suka faɗo wa kawuna bayan shekara 35 yana aikin gwamnati, sa'o'insa suka sayi filaye a Gusau. Shi kuwa gidan gona ya saya a bayan garin Ƙauran Namoda, kusa da gulbin Gagare. Wani kwas da aka taɓa tura shi Ingila ne ya jawo. Can ya ga manomi ya gyara tsohuwar barga, ya sa gado da labule, mutanen Landan suna biyan kuɗi su kwana su ji kukan tumaki. Kawu ya ce in dai tumaki ne, Ingila ba za ta nuna wa Zamfara komai ba.

Dillali ya rantse gidan gyararre ne, shiga kawai. Soro ne na ƙasa, an shafe shi da siminti an buga farin fenti, ga ɗakunan baƙi huɗu a jere da rumbu biyu. Aka yi ciniki gaban mai unguwa da shaidu a farkon 2021, aka biya la'ada, aka shafa fatiha. Ba a jima ba sai ga wani magaji daga Shinkafi, ya ce ƙasa aka sayar, amma tsamiyar tsakar gida rabon tsohuwarsa ce. Mai unguwa ya tabbatar haka al'ada take, itace na iya zama da mai shi daban. Kawu ya sayi tsamiyar. Da labari ya kai Zurmi, mai rijiya ma ya taso.

Duk wannan bai karya masa gwiwa ba. Ya zauna ya tsara abin da zai nuna wa masu yawon buɗe ido: tarihin Namoda, jarumin Alibawan Zurmi da ke cikin waɗanda suka ci Alƙalawa a 1808, tashar da layin dogo daga Zariya ya zo ya tuƙe a 1929, inda aka riƙa lodin gyaɗa da auduga, sai kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis. Ya sa aka rubuta allo da lambar wayarsa, aka kafa a bakin titi.

Ruwan Agusta ne ya fara duba masa aikin gyaran. Siminti ba ya riƙe jan ƙasa, ruwa ya bi ta bayansa, shafen ya riƙa ɓallowa falle-falle. Maginin da aka kira ya soka yatsa a azara, yatsan ya shige, gara ta riga ta yi walima. Ya ce da makuba aka yi yaɓen, wadda ake haɗawa da ɓawon ɗorawa, da ba a ga haka ba, amma makuba ba ta yin kyau a hoton dillali.

A Satumba kuma hukuma ta katse layukan waya a faɗin jihar, ta rufe kasuwannin mako saboda 'yan bindiga. Wannan ba abin dariya ba ne ga kowa a yankin, inda manomi kan biya haraji kafin ya girbe gonarsa. Lambar da ke jikin allo ta zama ado.

Baƙi dai sun zo, sai dai ba daga Landan ba. Gwaggonsa ce ta fara sauka da jikoki da turmi. Sai surukin ƙanensa da ya zo ganin likita, sai wani malami da almajiransa. Ranar da kawu ya yi ƙarfin hali ya ɗauko littafin rasit, gwaggo ta dube shi sama da ƙasa.

"Ɗan nan, ni za ka amsa ma kuɗɗin kwana? Ni da na goye ka?"

Ya mayar da littafin aljihu, ya aika a sayo sukari.

Dillalin nan dai ne ya yi masa bayani daga baya, kyauta wannan karon. A ƙasar Hausa, in ji shi, masauki sana'a ce tun zamanin fatake, amma fatoma ba ya sayar da barci. Yakan sauki falke, ya ciyar da shi, ya ajiye masa kaya, ya nemo mai saye, a la'adar ciniki yake fanshewa. Haka masu gidajen Sabo a Ibadan suka yi da dillancin shanu da goro. Wanda ya saukar da baƙon da ba shi da kaya, lada ya nema.

Da kaka ta yi, aka buɗe kasuwanni, kawu ya bai wa wani ɗan kasuwa hayar ɗakuna biyu ya zuba buhunan wake. Ya ce bai taɓa yin baƙi masu kirki irinsu ba: ba su neman ruwan wanka, ba su da jikoki, kuma kuɗinsu na shekara aka biya gaba ɗaya. Gwaggo tana nan a ɗaki na uku, ta ma aiko a gaya masa waken yana jawo mata ɓeraye.