Masu Kai Ƙarar Kansu

Tun a shekarun 1960 Aaron Beck, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Amurka, ya lura cewa masu ciwon damuwa suna da wani zancen zuci da ke faɗo musu ba sallama, su kuma gaskata shi ba bincike. Masu wannan zance iri-iri ne.

Akwai Malamin Duba. Bai ko cike fam ɗin JAMB ba, ya riga ya ga faɗuwarsa. "Ni da ba ni da ƙashin arziki."

Akwai Mai Tone-tone, wanda ƙarfe biyun dare yake tuno ranar da ya ce wa surukinsa "ina kwana" bayan la'asar. Mai wannan rubutu ya san ƙofar gidansa sarai.

Amma gwanarsu ita ce Mai Karanta Zuciya. Ta tura wa ƙawarta saƙo a WhatsApp, alamar nan biyu ta yi shuɗi, shiru. Kafin ruwan tuwo ya tafasa ta yanke hukunci: an tsane ta tun bikin da ba ta yi anko ba, kuma da hannun dangin miji. Ta ga ƙawar ta canza hoto, ta ce da ita ake. Ta rubuta "in na yi miki laifi ki yafe ni", ta goge, ta sake rubutawa. Da magariba amsa ta iso: an ɗauke wuta ne, waya ta mutu. Sai ta ce ai dama ita mai mugun zato ce, ta buɗe sabuwar shari'a.

Dabarar Beck ita ce mutum ya rubuta tunanin a takarda, ya nemi shaidarsa kamar alƙali, ya kuma tambayi kansa me zai ce wa amininsa da shi ne a ciki. Ethan Kross na Jami'ar Michigan ya gano cewa kiran kai da suna, maimakon "ni", yana rage zafin abin.

Wanda ba ya ba da dariya shi ne Sarkin Nasiha. An gaya masa an yi makonni ba barci, ba cin abinci, sai ya taɓe baki: "Rashin tawakkali ne, cire abin a ranka." Shi kansa in zazzaɓi ya kama shi, da addu'a da kemis yake haɗawa. Saboda bakinsa mutane ke ɓoye ciwo shekara da shekaru, alhali ga likitoci a Dawanau ta Kano da Barnawa ta Kaduna.