"Ina Zuwa" a Kunnen Bature

Bahaushe ya miƙe daga majalisa, ya saɓa babbar riga, ya ba jama'a baya, ya ce "ina zuwa." Ba mai ɗaga kai. Ranar da na juya wa wani baƙo ɗan Ingila wannan magana, na ce "I am coming" ina nufar ƙofa, sai ya bi ni da ido kamar ya ga mai tafiya da baya-baya.

Laifin duk na "ina" ne, jakin da muke ɗora wa kaya biyu. "Ina shan shayi" na iya nufin ga kofin nan a hannuna, ko kuma ɗabi'ata ce tun ƙuruciya. Muna da "nakan" fa, amma mun ajiye shi kamar rigar Sallah. Bature kuwa ya raba musu gado: "I drink tea" al'ada ce, "I am drinking tea" tururi na tashi yanzu. Ka ce wa mutum "What do you do?" sana'arsa ka tambaya. Ka ce "What are you doing?" to, ka kama shi hannu dumu-dumu cikin tukunya.

Sai kuma aikatau masu taurin kai da ba sa yarda a ɗaura musu jelar "-ing", irin su "know" da "have" na mallaka. Wani ɗalibina ya rubuta "I am having three goats." A kunnen Bature, yaron kalaci yake yi da awaki uku, shi kaɗai.

Awakin dai suna nan da ransu. Maki biyu ne suka salwanta.